Kati na Jos, zaɓe a Kwali: zai yiwu?

Malam, ka ce ka yi rajista a Jos, yanzu noma ya zaunar da kai a wani ƙauye na Kwali da ke yankin Abuja, kana son zaɓen kansila. Gaskiya da wannan katin ba za ka jefa ƙuri'a a can ba. Na'urar BVAS, wadda ake tantance masu zaɓe da ita, masu rajistar rumfarta kaɗai take tantancewa.

Sauyin wurin zaɓe za ka nema a ofishin INEC na Kwali, lokacin da ake rajista. A Abuja INEC ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi 6 da mazaɓu 62, saɓanin Filato da hukumar zaɓe ta jihar, PLASIEC, ke yi. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a nema aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, don haka kada ka yi sanya.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne sake sabuwar rajista. Laifi ne, kuma na'ura tana gano yatsa. Kada kuma ka miƙa katinka ga ɗan siyasa wai zai gyara maka, ko da ɗan unguwarku ne.

Idan sunanka bai fito a jerin da ake liƙawa ba, ka koma wurin jami'in zaɓe na ƙaramar hukumar da takardar shaidar da suka ba ka.