Rasit na 1794 da takardarsa ba ta yi ja ba: jabu ne?

Tambaya: Malam, ina sha'awar tara tsofaffin takardun Amurka na rubutun hannu. Na ga wani rasit na mai kanti a intanet, an ce na 1794 ne, kuɗinsa ba yawa, kuma takardar garau. To jaridar da mahaifina ya ajiye tun 1975 ma ta yi ja tana marmashewa. Anya ba damfara ba ce?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙwarin takardar ba abin tuhuma ba ne. A wancan zamani da tsummokarai ake yin takarda, na lilin da na auduga, tun daga masana'antar takarda ta farko a Amurka da William Rittenhouse ya kafa kusa da Filadalfiya a 1690. Takardar niƙaƙƙen itace mai tsami, irin ta jaridar Baba, sai bayan 1860 ta cika kasuwa. Arahar ma ba komai: rasit, takardar bashi da shaidar sayen gona an rubuta su jingim, ba sa tsada sai in wani sananne ya sa hannu.

In ta zo hannunka, ɗaga ta ga haske. Yawanci za ka ga layuka sirara a jere, wasu masu faɗin tazara sun ratsa su, wani lokaci har da tambarin masana'anta a cikin jikin takardar. Sannan duba tawada. Baƙa ce a da, amma da yake akwai sinadarin ƙarfe a ciki, tana komawa ruwan ƙasa, inda alƙalami ya dannu har takan ci takardar ta fito ta baya. Harafin s mai tsawo, mai kama da f, shi ma na zamanin ne. Kada ka yi mamaki in lissafin da fam da sule da kwabo aka yi. An kafa dala a doka a 1792, amma 'yan kasuwa sun daɗe ba su saki tsohon ƙidaya ba.

In wasiƙa ce aka ce ta 1794 ka ga kan sarki, to ƙarya ce tsagwaronta, domin sai 1847 gwamnatin Amurka ta fito da shi. Ninke wasiƙar ake yi, a liƙe da danko, a rubuta adireshi a bayanta.

Ni dai na fi son littafin bashin mai kanti a kan sa hannun manya, don a nan ake ganin wa ya ci bashin gishiri, wa ya biya da masara. Amma ka guji takardun kotu da na hukuma, jihohi kan ƙwace su ko da kuɗi ka saya. Kuma don Allah kada salatif ko laminatin su kusanci takardar. A shimfiɗe za ka ajiye ta, nesa da rana da danshi.