Amsa: Mu goma ne za mu je Fulorensi karon farko, ta ina za mu fara?

Ɗan'uwa, ku fara da biza, don nan ne tafiyar ayari ta fi rushewa. Bizar Shengen ta Italiya, wato bizar bai-ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da dama, ana iya nemanta tun wata 6 kafin tafiya, kuma kowa da takardunsa: inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar dawowa. Kada ku biya tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar kowa ta fito.

Idan Rum kuka sauka, jirgin ƙasa mai sauri, Frecciarossa ko Italo, yana kai ku tashar Santa Maria Novella ta Fulorensi cikin kusan awa ɗaya da rabi. Ku kama masauki kusa da tashar, tsakiyar garin da ƙafa ake zaga shi. Hayar mota wahala ce, kyamarori na cin tarar duk wanda ya shiga tsohon gari ba izini.

Gidajen tarihi na Uffizi da Accademia (a Accademia ne mutum-mutumin Dauda na mai sassaƙa Michelangelo yake) duk a rufe suke ranar Litinin. Ku sayi tikiti ta intanet mai ɗauke da lokacin shiga, mutum ɗaya ya riƙe na kowa. Gidan tarihi ɗaya a rana ya isa, Uffizi kaɗai sai ta ci awa 3. Hawa kubbar babbar majami'a matakala 463 ne, babu lif, dattawa su jira a ƙasa.

Abinci kuma, ku tambaya kafin ku ci, naman alade na shiga girki da yawa a can.