Shin daji na hawa saman duwatsu saboda ɗumamar yanayi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne ɗumamar yanayi na sa bishiyoyi su ƙara hawa saman duwatsu. Gaskiya ne, amma ba ko'ina ba.

Kowane dogon dutse yana da iyakar da bishiya ba ta wucewa. Inda matsakaicin zafin lokacin tsiro ya gaza kusan digiri 6, sai ciyawa da gajerun tsirrai kawai. Zafi na ƙaruwa, iyakar kan matsa sama, kamar yadda aka gani a duwatsun Ural na Rasha. Sai dai wani bincike na 2009 da ya duba wurare 166 ya gano kusan rabinsu ne kaɗai suka matsa. Ɗan tsiro sai ya sha fama da iska, ƙanƙara da bakin dabbobi kafin ya kafu.

Na Kilimanjaro a Tanzaniya ne ya fi damuna, domin can akasin haka ake gani. Fari ya jawo yawan gobara, wuta ta cinye dajin sama, iyakar ta sauko da ɗaruruwan mitoci. Dajin nan kuwa shi ke tatsar danshin gajimare yana shayar da ƙoramun da manoman gindin dutsen suka dogara da su.