Tambaya da Amsa: Zagayen kufan Maroko da mota da tanti

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa shi da ƙannensa biyu za su je ziyara Fas, ga hubbaren Shehu Ahmad Tijjani, kuma suna so su ƙara kwana goma su zagaya da mota don ganin kufan mutanen da da garuruwan da Turawa suka gina a bakin teku, suna kwana a tanti domin rage kuɗin otal. Yana tambaya ko su yi hayar babbar motar nan mai gado da madafa a ciki, ko kuwa ƙaramar mota su haɗa da tanti.

Malam, Allah ya karɓi ziyara. Shawarata ita ce ku ɗauki ƙaramar mota, ku bar babbar ga masu zaman wata biyu ko uku. Motar mai ɗaki tana da tsadar haya da shan mai, kuɗin ajiyar da kamfani zai riƙe a katin bankinku ma ya fi yawa, sannan wuraren da kuke son gani tsofaffin garuruwa ne masu ganuwa da ƙananan lunguna, inda ko ƙaramar mota sai an bar ta a wajen ƙofa an shiga da ƙafa. Ku nemi Dacia, wadda ake haɗa ta a Tanja da Kasablanka, domin ko a ƙaramin gari ta sami matsala ba za ku rasa bakanike da ya san ta ba. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, saboda haka wanda bai saba ba ya faɗa tun lokacin da yake yin odar mota. A hannun dama ake tuƙi, kamar yadda muka saba a gida.

Abu biyu ne ba na so ku yi tsimi a kansu. Na farko inshora: ku biya cikakkiya, wadda ta haɗa da gilashi da tayoyi, kuma kafin ku bar harabar kamfanin ku ɗauki hoton kowane ƙarce da ke jikin motar a gaban ma'aikacinsu, ku sa ya rubuta a takardar haya. Na biyu kiyaye gudu, domin jandarmomi suna tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar garuruwa, kuma nan take suke yanka tara. A babban titi mai biyan kuɗi iyakar gudu kilomita 120 ce a sa'a, amma da zarar kun sauka daga kansa ku riƙa bin allunan hanya sau da ƙafa. Ku tafi da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naku na gida.

Mai karatun ya ƙara da tambayar wuraren da suka cancanci a tsaya, tunda kwana goma ba za su isa a ga komai ba.

A nan ne zan fi daɗewa, domin zaɓin wuri ya fi zaɓin mota muhimmanci. Ku fara da Walili, wanda Turawa ke kira Volubilis, kimanin kilomita 30 arewa da Miknas, kuma daga Fas tafiyar ba ta kai sa'a biyu ba. Birni ne da ya bunƙasa a ƙarƙashin Rumawa saboda alkama da man zaitun, har yau ana ganin wuraren matse zaitun fiye da 50 a cikin kufan, da babbar ƙofar da aka gina a shekarar 217 don girmama Sarkin Rumawa Karakalla. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne daɓen gidajen attajirai, wanda aka jera da ƙananan duwatsu masu launi har suka fitar da siffofin kifaye da tsuntsaye da namun daji, suna nan a inda magina suka shimfiɗa su, babu rufi a kansu. Ga masu zuwa ziyara irinku wurin yana da wata daraja ta daban, domin a nan ne Maulaya Idris, jikan gidan Annabi, ya sauka a shekarar 788 ya kafa daular da ɗansa ya raya birnin Fas a ƙarƙashinta, kuma kabarin shi Maulaya Idris ɗin yana garin da ke kan dutse kusa da kufan, ana hango shi daga can. Ku isa da sassafe, domin babu inuwar kirki a wurin, kuma ku biya ɗan jagora mai katin shaida. Idan babu mai bayani, tarin duwatsu kawai za ku gani.

Daga nan ku gangara Rabat ku shiga Shalla, inda kufan Rumawa da maƙabartar sarakunan Banu Marin, wata tsohuwar daular Maroko, suke cikin ganuwa ɗaya, shamuwa kuma sun yi sheƙa a kan tsohuwar hasumiyar masallacin. Rabin yini ya isa.

Cikin garuruwan Turawa, Aljadida ce ta fi cancanta, kimanin kilomita 100 kudu da Kasablanka. Turawan Fotugal sun gina sansaninsu a nan a 1514, suka kira shi Mazagan, suka zauna har 1769 lokacin da Sarkin Maroko Muhammad bin Abdullahi ya tilasta musu fita, aka kwashi mazauna garin aka kai su Birazil. Ganuwar tana nan da kaurinta, ana hawa a zagaya a ga tsofaffin igwa suna fuskantar teku, kuma a tsakiyar garin akwai matattarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 25, wadda haske ke shiga ta wata kafa a rufinta. Akan rufe ta don gyara, don haka ku tambaya kafin ku ɗora buri a kanta.

Idan kwanaki sun rage, ku ƙarasa Assawira. Mutane da yawa suna ɗaukar ta garin Turawa saboda fasalin titunanta, alhali Fotugal sun gina ƙaramin sansani ne kawai a 1506 suka bar shi bayan 'yan shekaru. Garin da ake gani yanzu Sarki Muhammad bin Abdullahi ne ya sa aka gina shi a shekarun 1760, da taimakon wani injiniya Bafaranshe, kuma ta tashar jirgin ruwansa ne kayan ayarin Tumbuktu suke fita zuwa Turai. Kada ku haɗa wannan hanya da arewacin ƙasar ko da Marrakish a tafiya ɗaya. Za ku ƙare kwanakinku a cikin mota.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta tambayi ko ya fi kyau a sayi tanti da kayan kwana a gida a tafi da su, ko a saya a can, kuma ko mace da yara za su iya irin wannan kwana lafiya.

Hajiya, a can za ku saya. Shagunan Decathlon, masu sayar da kayan wasanni da na zango, suna nan a Fas da Rabat da Kasablanka, kuma kuɗin ɗaukar kaya mai nauyi a jirgi zai iya cinye rangwamen da kuke nema. Idan ku uku ne ku sayi tantin mutum huɗu, domin jakunkuna ma suna cin wuri, kuma ku zaɓi mai rufi biyu da igiyoyi masu ƙarfi, saboda iskar Assawira tana kaɗawa kusan kullum, raɓar bakin teku kuma tana jiƙa tanti mai rufi ɗaya kafin asuba. Inda ya kamata kuɗinku ya tafi shi ne shimfiɗa da abin rufa, domin sanyin ƙasa ne ke hana barci, kuma a yankin Miknas dare yana yin sanyi ƙwarai ko da rana ta yi zafi. Ba a shiga jirgi da tukunyar gas, amma ƙaramar tukunya mai murhu a kanta tana nan a kantunan unguwa. Kada kowa ya sa jirgi mara matuƙi a jakarsa don ɗaukar hoto, domin jami'an kwastan suna ƙwace shi idan babu izini.

Game da tsaro, ku kwana a wuraren zango masu katanga da maigadi da banɗaki, waɗanda ake biya kowane dare, kuma ku isa kafin magariba don ku duba ruwa da makewayi kafin ku biya. Ban yarda a kafa tanti a bakin teku ko a gonar wani ba, balle da yara. A ranar da aka yi ruwan sama ko yaro ya gaji, ku kama ɗaki a ƙaramin masauki, ku ware kuɗin dare biyu ko uku tun daga gida saboda haka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa farkon Nuwamba, domin a Yuli da Agusta zafin Fas da Miknas yakan haura digiri 40, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma lokacin ruwa da sanyi ne. Ku riƙe tsabar dirhami a hannu, saboda yawancin wuraren zango da masu gadin mota ba sa karɓar kati.