Hutun tafiyar ƙafa a tsaunukan Ladakh: ya dace da mai hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 56, na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a Zariya. 'Yata tana karatu a Delhi, ta turo min tallar wani kamfani da ke kai mutane hutun kwana goma a Ladakh. Wai a yi ta tafiya a ƙafa cikin duwatsu ana ziyartar gidajen ibadar mabiya Buddha, ana kwana a ƙauyuka, jiki da zuciya su huta. Tana so mu je tare idan na kai mata ziyara a watan Yuli. Ina da hawan jini amma ina shan magani, kuma kullum ina zagaya unguwa bayan asuba. Da gaske akwai amfani ga lafiya? Kuma yaya zan yi da salla da abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yarinyar albarka. Amfani akwai, amma kafin ki biya ko sisi ina so mu yi maganar da masu talla ba su cika yi ba, wato tsayin wurin.

Ladakh yanki ne a ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin tsaunukan Himalaya da Karakoram, yana iyaka da Tibet. Sai a 1974 aka buɗe shi ga baƙi 'yan ƙasashen waje. Babban garinsa Leh yana kan tsayin mita 3,500 daga saman teku. Jos da muke kira tudu mita 1,200 ce da 'yan kai, kuma Chappal Waddi a jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Kin ga ke nan ƙofar masaukinki a Leh ta ɗara ƙololuwar ƙasarmu da fiye da mita dubu. Jirgi daga Delhi kuwa cikin kamar awa ɗaya da rabi zai sauke ki a can, jiki bai samu lokacin shiri ba. A wannan tsayi kowane numfashi yana ba ki kusan kashi biyu cikin uku na oksijin ɗin da kike samu a bakin teku. Shi ya sa za ki ga ƙato majiyi ƙarfi ya hau matakala goma ya tsaya yana haki.

Yawancin mutane jikinsu yana sabawa cikin 'yan kwanaki. Wasu kuma sukan fara da ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci a daren farko ko na biyu. Wannan ciwon tsayi ne, kuma ba ruwansa da ƙarfin jiki ko yawan motsa jiki a gida. Idan mutum ya yi taurin kai ya ci gaba da hawa, ruwa zai iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamar taruwar ruwa a huhu ita ce haki ko ana zaune, da tari mai kumfa. Alamar kumburin ƙwaƙwalwa kuma ita ce tangaɗi da ruɗewa, mutum ya kasa bin layi miƙaƙƙe. Maganinsu sauka ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne. Hukumomin Leh da kansu suna umartar baƙo ya huta awa 48 kafin ya nufi wurare masu tsayi. Ka'idar da muke bi kuma ita ce, sama da mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ki ɗauki jadawalin kamfanin ki duba: idan rana ta biyu za a kwashe ku zuwa tafkin Pangong ko mashigar Khardung La, waɗanda suka fi Leh tsayi sosai, ki ajiye takardar ki nemi wani.

Hawan jinin da aka shawo kansa ba ya hana tafiya. Jini yakan ɗan hau a kwanakin farko, don haka ki tafi da na'urar awonki, ki riƙe magungunanki a jakar hannu, kada ki tsallake ko ƙwaya ɗaya. Ki ga likitanki wata guda kafin tafiya ya duba zuciya da ƙoda. Akwai maganin da ake kira acetazolamide wanda ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi, amma yana sa yawan fitsari, kuma idan cikin magungunan hawan jininki akwai mai sa fitsari, haɗa su sai da izinin likita.

Abin da ya fi damuna ba ki ambace shi ba: rukunin jininki na gado. Mu a nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma da yawa daga 'yan zamaninki sun yi aure ba a gwada su ba. Mai AS lafiyarsa lau a Zariya. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jinin saifa. Yana zuwa da ciwo mai tsanani a saman ciki ta gefen hagu, wani lokaci har kafaɗa, kuma ma'aikacin lafiyar da bai saba da amosanin jini ba zai iya ɗauka ciwon ciki ne kawai. Ba kowane mai AS hakan ke samu ba, amma ba na son ki gano naki a ƙauyen da ke da nisan yini daga asibiti. Ki yi gwajin, ita ma yarinyar ta yi. Mai SS ko SC kam kada ya je. Idan AS ce, shawarata ku karkata zuwa Dharamsala, wani gari a arewacin Indiya inda Dalai Lama, babban jagoran mabiya Buddha na Tibet, ke zaune tun 1960. Tsayinta bai wuce kamar mita 2,000 ba, al'adun Tibet kuma suna nan sosai. Sai dai damina tana da ƙarfi a can a Yuli, Oktoba ta fi.

Idan AA ce kuma likita ya yarda, Yuli lokaci ne mai kyau, don tsaunuka suna tare ruwan damina, abin da ke sauka a Leh a shekara bai wuce kamar milimita 100 ba. Hanya biyu aka fi tallatawa. Ta kwarin Markha mako guda ce, ana tsallaka rafuka masu sanyin ƙanƙara, ana haye mashigar Kongmaru La mai kusan mita 5,200. Ki bar wa matasa ita. Taki ita ce ta yankin Sham: daga Likir zuwa Yangthang, zuwa Hemis Shukpachan, a sauka Temisgam. Kwana uku ne, awa huɗu zuwa biyar a rana, kuma ba inda ya kai mita 4,000. Mota tana isa ƙauyukan, wanda ya gaji sai a ɗauke shi. Na bi wannan hanya, kuma abin da ya zauna min a rai shi ne yadda za ki yi awa uku cikin jan dutse ba ko ciyawa, sai ki karya kwana ki ga kore shar: gonakin sha'ir, dogayen itatuwa, fararen gidaje, ruwan narkakkiyar ƙanƙara yana gudu cikin 'yan magudanun da aka gina da hannu.

Amfanin yana nan cikin abubuwa masu sauƙi. Tafiya a hankali kullum tana gyara zuciya da sukarin jini da barci. Waya ba ta kamawa a wurare da yawa, abinci ba maiƙo, ana kwanciya da wuri, ba hayaniyar biki ko ta gaisuwa. Wadda ta yi shekara talatin tana fama da aji da gida ta san darajar shiru. Amma duk wanda ya ce miki iskar tsauni tana wanke jini ko tana warkar da hawan jini, ciniki yake yi. Haka kuma masu maganin gargajiyarsu da ake kira amchi, mutane ne masu daraja a wurinsu, sai dai kada ki haɗa ƙullinsu da magungunanki.

Batun salla zai ba ki mamaki. A ƙidayar 2011 Musulmi sun ɗan fi mabiya Buddha yawa a Ladakh gaba ɗaya, saboda gundumar Kargil galibi Musulmi ne. A tsakiyar kasuwar Leh, a gindin tsohuwar fadar sarki, akwai babban masallacin Juma'a da aka fara ginawa wajen 1666, zamanin Sarki Deldan Namgyal da Aurangzeb na daular Mughal. Za ki ji kiran salla, akwai gidajen abinci na Musulmi 'yan Kashmir, ga masu gasa gurasa a lungun bayan masallaci. A ƙauyukan Sham kuwa masu masaukinki mabiya Buddha ne, kuma abincin da ake ba baƙi galibi ba nama: shinkafa da miyar wake, taliya cikin romo da suke kira thukpa, da garin soyayyen sha'ir, tsampa. Shayinsu da man shanu da gishiri ake yi. Saboda hawan jini ki tsaya a kofi ɗaya. Idan aka miƙo miki chang, giyar sha'ir ce, ki ɗaga hannu ki ce julley, kalmar da ke ɗauke da sannu da na gode da sai an jima. Ki tafi da darduma da buta. Banɗakinsu na gargajiya busasshe ne, ana zuba ƙasa a kai don a yi taki, ba a son ruwa a ciki, don haka tun da kin sauka ki nemi uwargida ta nuna miki inda za ki yi tsarki da alwala, ki roƙi ruwan ɗumi don asuba. Idan kin fi sakewa da mace, akwai kamfanin Ladakhi Women's Travel Company da Thinlas Chorol ta kafa a 2009, 'yan jagoransa duk mata ne.

Gidajen ibadar kuma, gompa, a kan duwatsu aka gina yawancinsu. Thiksey hawa-hawa ne kamar gari guda, da sassafe sufayensu, lama, suna busa dogayen ƙahoni daga kan soro kafin su zauna karatu. A Alchi akwai zanen bango mai kusan shekara 800 ko fiye, aikin hannu irin na Kashmir. A kan hanya za ki riƙa haɗuwa da dogayen katangun duwatsu masu rubutun addu'arsu, da fararen gine-gine masu tsini. Al'adarsu a wuce su suna hannun dama. Ba wanda zai ce ki durƙusa ko ki juya gangunan addu'arsu ko ki kunna fitila. Abin da ake so daga baƙo ya cire takalmi, ya rage murya, kada ya miƙe ƙafa wajen mutum-mutumi, kada ya ɗauki hoto sai ya tambaya. Lulluɓinki ma ya fi shigar yawancin baƙi dacewa da wurin. Ki tambayi kamfanin a rubuce mene ne suke kira zaman natsuwa a jadawalinsu, don wani zaman shiru ne da lura da numfashi, wani kuma akwai maimaita kalmomin ibadarsu a ciki. Da amsar a hannu sai ki je wa malaminki, hukuncin nasa ne. Duk abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki zauna a farfajiya da carbinki har su fito.

Kada ki manta katin rigakafin cutar shawara, Indiya tana nemansa daga matafiyan Najeriya, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki. Ki yi inshorar da ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da tafiya sama da mita 3,500. Rana a can tana ƙuna ko ga baƙar fata, dare kuma akwai sanyi ko a Yuli, sai ki haɗa tabarau, man leɓe da rigar sanyi mai kauri. Takalmin da za ki sa ki saye shi yanzu, ki mayar da zagayen asuba awa guda da shi, ki haɗa da hawa matakala. Sakamakon gwajin jinin idan ya fito ki turo min, mu duba jadawalin tare.