Bøg da bog: me ya haɗa bishiya da littafi a harshen Denmak?

Tambaya: Malam, ina koyon harshen Denmak, sai na ga suna kiran wata bishiya bøg, littafi kuma bog. Dangantaka ce ko kama ce kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi kyakkyawar lura. Bøg ƙatuwar bishiya ce ta dazuzzukan Turai, ɓawonta sumul, ruwan toka. Mutanen Denmak suna ji da ita, har taken ƙasarsu da Adam Oehlenschläger ya rubuta a 1819 ya ambace ta tun a baitin farko.

Sunan ya daɗe ƙwarai. A tsohon harshen da kakannin mutanen Denmak da Norwe da Suwidin suka yi magana da shi, bók ake cewa, ko bishiyar ake nufi ko littafi. Jamusawa ma haka abin yake a wurinsu: Buche bishiya, Buch littafi. Latin na da fagus, daga tushe ɗaya. Girkawa kuwa sun riƙe sunan, phegos, amma suka laƙaba wa wata bishiyar dabam.

To ina littafi ya shigo? Yawancin masana sun tafi a kan cewa da can a jikin itace ake zana haruffa da wuƙa, sai sunan itacen ya bi rubutun. Mu da muka yi karatun allo wannan ba zai ba mu mamaki ba. Tacitus, marubucin Rum, ya faɗa a shekara ta 98 miladiyya cewa ƙabilun Jamus kan sari reshen bishiya mai 'ya'ya, su yayyanka shi, su yi wa guntayen alamomi, su watsa a kan farin ƙyalle don yin duba. Har gobe harafi a Denmak bogstav ne, stav kuwa sanda.

Sai dai Tacitus bai ambaci sunan bishiyar ba, kuma wasu masanan suna ja da wannan bayani. Ni dai ina ganin hujjar ta fi ƙarfin a ce dace ne, amma ba ta kai a rantse a kanta ba.

Ka kuma yi hattara wajen jam'i: bishiyoyi bøge ne, littattafai bøger. Sannan 'ya'yan bishiyar, waɗanda da can ake kora aladu daji su ci, su ma bog ake ce musu.