Amsoshin Tambayoyinku: Kafin a Zargi Manhaja, a Duba Abin da Aka Sayo

Wani ɗalibi daga Madina ya rubuto cewa: "Malam, Ubuntu nake amfani da shi, kuma ina son manhajar da za ta mayar da kwamfutata kan layin Mobily da kanta idan intanet ɗin gida ya yanke. Wani ya ce zai sayar mini da ita a kan riyal 150. In saya?"

Kada ka saya, ɗana, domin abin da yake son sayar maka yana cikin kwamfutarka tun ranar da ka sa mata Ubuntu, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Sunansa NetworkManager, kamfanin Red Hat ne ya fara shi a 2004, kuma kyauta ne. Shi ne ke riƙe da ragamar duk hanyoyin sadarwar kwamfutar, yana kuma karɓar umarni ta D-Bus, wato hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo. Idan koyo kake so, manhajarka za ta iya neman jerin na'urori da GetDevices, ta kunna haɗi da ActivateConnection, ta kuma saurari StateChanged don ta san lokacin da layi ya faɗi. Amma buƙatarka ba ta kai nan ba, tun da idan hanyoyin suna haɗe, NetworkManager yana fifita igiyar intanet a kan Wi-Fi, ya fifita Wi-Fi a kan modem, kuma yakan sauya da kansa idan ɗaya ta katse. Ka fara da nmcli, wato umarnin da ake rubutawa don sarrafa NetworkManager, ka adana riyalolinka.

Wani Alhaji mai masaukin baƙi a Misfala, a Makka, ya ce: "Yarona ya rubuta manhajar da za ta raba wa alhazai Wi-Fi daga tsohuwar kwamfuta. Na sayo ɗan abin da ake sokawa a USB a wajen haraj (kasuwar gwanjo), riyal 25, yana kama intanet amma ya ƙi rabawa. Shin yaron ne bai iya ba?"

Ranka ya daɗe, ina kyautata zaton yaron ba shi da laifi, kuma ka yi mini haƙuri, domin ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. NetworkManager ɗan aike ne, ba ya iya sa na'ura ta yi abin da ƙwayar lantarkin da ke cikinta ko direbanta, wato manhajar da ke sarrafa ta, bai iya ba. Raba Wi-Fi yana buƙatar na'urar da ke iya yanayin da ake kira AP, alhali da yawa daga cikin masu arhar nan ƙwayar MT7601U ce a cikinsu, wadda direbanta na Linux yake kamawa amma ba ya rabawa. Yaron ya rubuta umarnin iw list, idan bai ga AP a jerin da zai fito ba, to magana ta ƙare.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutanenmu suke sayen kwali maimakon kaya. Mutum zai ga eriya doguwa kamar sandar makiyayi, ya ga an zana lambobi manya a jikin kwali, sai ya miƙa kuɗi ba tare da fatura, wato rasiti, ba, ba tare da damani, wato garanti, ba, yana murna ya yi ciniki. Ko kayan asali ma sai an lura, domin TL-WN722N na kamfanin TP-Link, fitowar farko ƙwayar Atheros AR9271 ce a cikinsa, na biyu da na uku kuwa Realtek ce, ga suna ɗaya amma aiki a Linux ya bambanta. To ina ga na jabu, wanda aka manna masa tambarin da ba nasa ba? Na taɓa sayen guda uku a wani shago, kwali iri ɗaya, da na duba sai na tarar da ƙwaya iri biyu, mai shagon kuma ya ce ai duk Wi-Fi ne. Arha ba ta ado, Alhaji. Riyal 25 sau uku, ga kuɗin mota, ga baƙi suna ƙorafi a tsakiyar aikin Hajji, ai sun fi kuɗin abu mai kyau guda ɗaya. Ku tafi shago da kwamfutar, a soka na'urar a gabanku, yaron ya rubuta umarnin lsusb ya ga ainihin lambar ƙwayar kafin ka ciro kuɗi, kuma ka karɓi fatura, domin da ita za ka kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci idan an cuce ka. Mai shagon da ya hana gwaji, ka bar masa kayansa. Kuma idan baƙin sun wuce goma, shawarata ita ce ka sayi rauta ta gaskiya.

Wani kuma yana tambaya ko D-Bus zai buɗe masa Wi-Fi na maƙwabcinsa. Ba zai buɗe ba, kuma da zai buɗe ma da ban faɗa maka ba. Ka je ka yi sallama ka roƙa.

Wata baiwar Allah mai ɗinki a Jidda ta rubuto cikin damuwa: "Baba, data ta wata guda tana ƙarewa cikin mako ɗaya tun da na sa shariha (katin SIM) a modem na haɗa da kwamfutar da ɗana ya sa wa Linux. Ina tsoron ko wani ne ya shiga. In sayi sabuwa?"

Ki kwantar da hankalinki, 'yata, kada ki sayi komai tukuna. Galibi kwamfutar ce take sauko da sababbin gyare-gyare a ɓoye, saboda ta ɗauka layin ba shi da iyaka. Ki sa ɗanki ya yi wa haɗin alamar cewa ana biyan kuɗinsa bisa awo, ta cikin saituna ko ta mayar da connection.metered zuwa yes. Manhajojin da ke tambayar NetworkManager za su dakata, ko da yake ba dukansu ke tambaya ba, kuma bidiyo zai ci abin da ya saba ci. Idan modem ɗin yana raba Wi-Fi, ɗanki ya canza kalmar sirrinsa, sannan ki lura da shi mako guda ki sake rubuto mini.